Giyar L4 ta ƙi shiga a tsohuwar Hilux: a sauke akwati ko a fara duba hannu?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya, gonarmu kuma tana hanyar Soba, sai an bar kwalta an yi tafiya mai ɗan nisa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tsohuwar Hilux mai shan dizal, mai sandar giya biyu. Shi kaɗai yake tuƙa ta lokacin yana raye. Makon jiya na ɗauko taki buhu 15, mota ta kafe a wani kwari. Na ja ƙaramar sandar zuwa H4 ta shiga, amma da na nemi L4 sai ta riƙa ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ni da ƙanena muka haɗu muka danna da ƙarfi ta shiga, amma tayoyin baya kaɗai ke juyawa, daga baya ma sandar ta fito da kanta. Wani ya ce sai an sauke akwatin gaba ɗaya an sayo wani. Shin ta lalace ne, ko ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abu uku ka kawo. Na farko, ƙarar da ka ji lokacin da kake neman L4. Na biyu, tayoyin gaba da suka ƙi ja. Na uku, sandar da ta fito da kanta bayan ta shiga. Kowanne da sanadinsa, kuma zai iya yiwuwa babu ko ɗaya a cikinsu da ke buƙatar a kwance akwati. Na daɗe ina taɓa irin waɗannan motoci a gareji nan Zariya, kuma yawancin waɗanda aka kawo min da wannan ƙorafi a ƙarshe da ƙafafunsu suka koma gida ba tare da an sauke komai ba. Don haka kada ka yi saurin ba da kuɗin sayen akwati. Amma tun kafin mu shiga bayani ina roƙonka abu ɗaya: kada a sake haɗuwa mutum biyu a kan wannan sanda. Giyar L4 da hannu ɗaya take shiga. Duk lokacin da ta nemi ƙarfin mutum biyu, akwai abin da bai daidaita ba, kuma ƙarfi ba zai daidaita shi ba.

Abin da ke cikin akwatin

A bayan giyabos akwai wani akwati ƙarami da muke kira ogziliya, wasu kuma su ce tiransifa. Daga jikinsa furofela biyu ke fita, wato dogayen ƙarafan da ke juyawa a ƙarƙashin mota suna kai ƙarfi ga tayoyi, ɗaya ta nufi aksul ɗin baya, ɗaya ta nufi na gaba. Aiki biyu yake yi. Yana haɗa furofelar gaba da ta baya don ƙafa huɗu su ja tare, sannan yana rage gudu ya ninka ƙarfi. H2 na nufin baya kaɗai ke ja. H4 na nufin an haɗa gaba da baya amma gudun bai canza ba. N na nufin akwatin ya saki komai. L4 kuwa an haɗa gaba da baya, sannan ƙarfin inji ya bi ta wasu ƙarin giyoyi kafin ya fita.

Yawan ragin ya danganta da irin akwatin. Tsofaffin Hilux masu akwatin da giya zalla ne a cikinsa suna rage gudu da 2.28, waɗanda suka zo daga baya masu sarƙa a ciki kuma kusan 2.57. Ka ɗauki lamba ɗaya ta babbar giya, wadda a irin motocin nan take kusan 3.93, ka ce kuma aksul ɗinka 4.3 ne. A H4 inji zai juya sau 17 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Da ka shiga L4 a mai giya zalla lissafin ya koma kusan sau 38. Shi ya sa za ka ga mota ɗauke da lodi tana rarrafe a kan tudu, ƙafarka ma ba ta kan totur, kuma inji ba ya shaƙewa.

Yanzu ga inda matsalarka ta farko take. A babbar giya, tsakanin lamba da lamba akwai zoben tagulla da muke kira sinkoro. Aikinsa ya daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu, shi ya sa kake canza giya mota na gudu ba ka jin komai. A akwatin mai giya zalla, tsakanin H da L babu wannan zobe. Wani zoben ƙarfe ne mai haƙora kawai yake zamewa ya bar wannan giya ya kama waccan. Ka ɗaga hannayenka biyu ka buɗe yatsu, ka tura su cikin juna. In kan yatsa ya ci karo da kan yatsa, ko ka danna har gobe ba za su shiga ba, amma da ka ɗan goce kaɗan sai su sarƙe da kansu. In kuwa hannu ɗaya yana juyawa ɗaya yana tsaye, sai dai su yi ta karo. Wannan karon shi ne ƙarar niƙan tsakuwa da ka ji.

Yadda ake shigar da ita

Ka fara da tayoyin gaba, tun kana ƙasa. A tsakiyar kowace ƙafar gaba akwai hob, abin da ke haɗa taya da aksul, mai ɗan abin murɗawa, an rubuta FREE da LOCK. Ka murɗa duka biyun zuwa LOCK har alamar ta daidaita sosai, ba rabi ba. In ya ƙi ƙarasawa, a ɗan tura motar gaba ko baya kamar taku ɗaya a sake gwadawa. Da yatsu ake murɗa shi, kada a sa filaya.

Sannan ka shiga mota ka tsayar da ita cak, ƙafa a kan birki, ka ɗauke ƙafa daga totur inji ya koma silo. Ka taka kuloci har ƙasa, ka ba shi kamar daƙiƙa uku don abin da ke juyawa a ciki ya tsaya. Ka mai da babbar giya firi. Ka kai ƙaramar sanda H4, daga nan ka wuce L4 da motsi ɗaya mai ƙarfi daidai, ba fizga ba, ba kuma tsayawa a tsakiya ba.

Ka duba zanen da ke kan ƙullun sandar, domin a yawancin tsofaffin Hilux hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Daga H2 kana jawo ta baya zuwa H4, sannan ka tura ta gefe, sannan ka mai da ita gaba ta bi ta N ta kai L4. Na sha ganin direba yana ta jan sanda baya yana cewa ta ƙi, alhali hanyar ta gefe take. In zanen ya goge saboda tsufa, ka kashe inji ka lalubi hanyar a hankali har hannunka ya haddace ta.

Littafin da Toyota ke bayarwa tare da waɗannan motoci ya yarda a shiga L4 mota tana tsaye ko tana tafiyar da ba ta kai kilomita 8 a awa ba. Ni dai ina koya wa yarana tsayawa cak, sai in haƙora sun yi karo da juna. In hakan ta faru, wato sanda ta je ta tsaya kamar ta daki bango ba tare da ƙara ba, to ka mai da ita H4, ka sa lamba ɗaya ka matsa gaba ɗan kaɗan, ko da taƙi ɗaya ne, ka sake gwadawa. In a fili kake, ka bar mota ta gangara da kanta kamar tafiyar tsoho da sanda, ka tura a lokacin. Sau da yawa za ka ji ta faɗa da kanta.

Akwai kuskure ɗaya da nake zargin shi ne ya same ka. Mutum ya kafe, ransa ya ɓaci, taya tana ta wulwulawa a cikin taɓo, sai ya kai hannu ga sanda kafin komai ya tsaya. Ko kuma ya tsaya a N na ɗan lokaci ya saki kuloci. Da zarar akwatin yana N, sandar ƙarfen ciki da ke fitowa daga giyabos ta shiga akwatin ba ta da abin da ke riƙe ta, ko babbar giya tana firi man giya kaɗai ya isa ya riƙa juya ta. Daga nan duk inda ka tura, H ko L, sai ta yi ƙara. Maganin wannan mai sauƙi ne ƙwarai: ka kashe inji, ka ja hambirki, ka shigar da L4 komai yana tsaye, sannan ka sake tayarwa. Ka riƙe wannan dabara, za ta fitar da kai a wurare da yawa.

Ka kuma sani cewa in ƙaramar sanda tana N, babbar giya ba ta riƙe mota ko da ka bar ta a lamba ɗaya. A kan gangara mota za ta tafi abinta. Kada ka sauka ka bar ta a haka, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta ba a sa wa taya dutse ba.

Me ya sa gaba bai ja ba

A nan kusan na tabbata da amsar tun kafin na ga motar, domin ba ka ambaci hob ba ko sau ɗaya a tambayarka. In hob yana FREE, furofelar gaba za ta juya, aksul ɗin gaba zai juya, amma tayoyin ba su haɗe da shi ba. Fitilar da ke kamawa a gaban direba ba ta san halin da hob yake ciki ba, daga jikin akwati take samun saƙo. Sai ka ga fitila tana cewa ƙafa huɗu, alhali biyu ne ke aiki. Kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne a L4, saboda ƙarfin da aka ninka fiye da sau biyu don a raba wa aksul biyu ya tare duka a na baya, ga buhu 15 a kansa, wato kilo 750. A irin haka ne sandar aksul ke murɗewa ko kuros, wato gaɓar furofela, ya fashe.

In ka kulle hob biyu gaba bai ja ba, to ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko furofelar gaba tana nan. Kada ka yi mamaki. Motoci da yawa da suka yi shekaru suna aikin cikin gari an cire musu ita, wai don kuros ya lalace ko don a rage shan mai, aka jefa ta bayan gareji aka manta.

In tana nan, ga gwaji biyu da za ka yi da kanka a tsakar gida, inji a kashe, hambirki a ja, dutse a gaba da bayan taya. Ka kulle hob biyu, ka sa ƙaramar sanda a H2, ka kama furofelar gaba da hannu ka murɗa. Ya kamata ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. In ta ci gaba da juyawa, to ɗaya daga cikin hob ɗin ba ya kamawa, ko kuma wani abu ya karye a cikin aksul ɗin gaba. Sannan ka buɗe hob biyu zuwa FREE, ka sa H4, babbar giya a lamba ɗaya, ka sake murɗa furofelar. Nan ma ya kamata ta ƙi juyawa. In ta juya, to akwatin ne ba ya haɗa gaba. Da waɗannan gwaje-gwaje biyu ka raba laifin hob da laifin akwati ba ka kashe ko sisi ba.

Hob ɗin kamfanin Aisin da ke zuwa da waɗannan motoci yana da ƙarko sosai. Abin da ya fi kashe shi ba karyewa ba ne, tsohon giris ne da ya daskare ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙwaɓaɓɓen yumɓu, sai sifirin ɗin ciki ya kasa tura haƙoran. A kwance shi, a wanke da kananzir, a shafa giris kaɗan. Na ce kaɗan, domin yara masu koyo suna son cika shi maƙil, kuma yawan giris ɗin da kansa yana hana shi kamawa.

Abu ɗaya kuma game da ƙafa huɗu: ko komai yana aiki daidai, difaransha, wato giyoyin tsakiyar aksul da ke raba ƙarfi ga taya biyu, ta gaba da ta baya a yawancin motocin nan buɗaɗɗu ne, ba sa kulle tayoyin tare. In taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suka sami santsi, su biyun za su yi ta juyawa sauran biyun suna tsaye. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su.

Sandar da ke fitowa da kanta

Tunda da ƙarfi kuka danna, mafi kusa shi ne zoben ya kama bakin haƙora kawai bai shige ciki ba, da ka taka totur nauyi ya hau sai ya tofar da shi. In ka bi hanyar da na faɗa ta shiga sosai ta zauna, shi ke nan. In ta ci gaba da fitowa, ka fara daga sama ka gangara.

Ka ɗaga robar da ke rufe gindin sandar ka duba. Wani lokaci robar ce ta bushe ta yi tauri tana jawo sandar baya, wani lokaci tabarmar ƙasa ce ko bakin ƙarfen daɓen mota ke tare ta. In mauntin da ke riƙe giyabos ya tsage, akwatin yakan sauka ko ya karkace, sai sandar ta riƙa dukan daɓen motar kafin ta kai ƙarshen hanyarta. Ka sa ƙanenka ya kalli sandunan biyu lokacin da kake tashi da mota. In suna tsalle sosai gaba da baya, maunti ne. A gindin sandar kuma akwai wani ɗan mazaunin roba da ƙwallon sandar ke zama a kai, in ya rududduge sai sanda ta yi ta yawo kamar muciya a tukunya, hannunka yana tafiya amma abin da ke ciki ba ya isa inda ya kamata.

Wata shekara cikin kaka aka kawo min wata Hilux daga wajen Makarfi, mai ɗaukar rake. An riga an gaya wa mai ita kuɗin akwati, har ya sayar da buhunan masara ya haɗa. Na ce a bari in gani tukuna. Da muka kwance kusoshin gindin sanda muka zaro ta, sai ga robar nan ta zama gari, na debo ta a tafin hannuna baƙi ƙirin kamar garin gawayi da aka jiƙa da mai. Muka share ramin, muka sa sabuwa, muka canza man akwati. Kafin la'asar sanda tana shiga L4 da yatsu uku. Har yanzu ina tuna yadda dattijon ya riƙe garin robar a hannunsa yana kallo, bai ce komai ba sai hamdala.

Sai in duk waɗannan lafiya lau suke ake maganar ciki. Akwai 'yar ƙwallon ƙarfe da sifirin da ke riƙe sandar ciki a mazauninta, ana iya duba su daga waje ta hanyar kwance wani noti. Bayan su sai fok, ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa da ke tura zoben, da kuma haƙoran zoben kansu in sun cinye sun yi sulɓi. Waɗannan biyun ne kaɗai ke sa a buɗe akwati. Fok kuwa abin da ya fi lanƙwasa shi shi ne dannawa da ƙarfi. Lokacin ina yaron gareji na taɓa zura bututu a kan sanda don in ƙara ƙarfi, na lanƙwasa fok ɗin motar mutane, aikin awa ɗaya ya koma na kwana uku. Tun daga ranar ban sake yarda a sa bututu a kan sandar giya a gabana ba.

Kuloci, mai da tayoyi

Ga gwajin kuloci. Inji yana aiki, ka taka kuloci ka jira kaɗan ka sa ribas. In ribas ma tana ƙara, amma da ka kashe inji komai yana shiga sumul, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Ka duba mansa a ƙaramin kofin da ke kusa da na birki, ka duba ko fam na sama ko na ƙasa yana yoyo, a cire iska. Babu laifin ogziliya a nan.

Mai kuwa, akwatin yana da nasa daban da na giyabos, kuma shi aka fi mantawa. Noti biyu ne a jikinsa, na sama na zubawa, na ƙasa na tsiyayewa. Ka fara kwance na sama, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwancewa. Ka zura yatsa, ya kamata mai ya kai bakin ramin. Man giya 75W-90 ko 80W-90 ake sa wa na Hilux. Akwatin giya zalla yana ɗaukar kusan lita 1.6, mai sarƙa kusan lita 1.1. Ka tsiyaye tsohon a cikin kwano mai tsabta ka fito da shi rana. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan ya zama ruwan dare a wajenmu daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rafukan da ke zuba cikin Galma suka cika, mota ta shiga ruwa akwati yana da zafi, ya huce nan take ya zuƙo ruwa ta ramin shan iska. In ka ga ɗan ƙyalli kamar garin kwalli a ƙasan kwano, tsufa ne, babu damuwa. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa, kamar ƙwayar shinkafa, to haƙori ya gutsure, a nan kam sai an buɗe.

Tayoyi ma suna da hannu a ciki. Akwatin nan ba shi da difaransha a tsakiya, furofelar gaba da ta baya dole su juya daidai da juna. A kan taɓo ko yashi taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kan kwalta babu zamewa, kuma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, sai ƙarafan su ɗaure kamar igiyar da aka murɗe. Sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sanda ta ƙi fita. Haka ma in tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, abin da ke yawan faruwa in ana sayen 'yan Beljiyam ɗaya-ɗaya. In ta ɗaure, ka sauka gefen hanya kan ƙasa, ka yi ribas a miƙe kamar taku goma, za ka ji sandar ta saki. Da ka fito daga hanyar gona kafin ka hau kwaltar Soba, ka koma H2.

A cikin taɓon kansa

Ka shiga L4 tun kana kan busasshiyar ƙasa, kana hango kwarin. Bayan mota ta nutse ƙarafa suna ɗaure da nauyi, ba ka da filin matsawa gaba ko baya don haƙora su daidaita, kuma a lokacin ne mutane ke fara danne-danne.

A taɓo ba lamba ɗaya ake so ba. Ƙarfinta ya yi yawa, taya za ta tona rami ta binne kanta. Ka tashi da lamba biyu, in wurin yana da tsawo lamba uku, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, kada ka canza giya a tsakiya. Ka ɗauke ƙafarka daga kan kuloci gaba ɗaya, dalilin L4 ke nan, don kada ka riƙa ƙona shi. Lamba ɗaya ta hawan tudu da lodi ce, da duwatsu, da kuma gangara mai santsi, inda za ka bar inji ya riƙe mota ba tare da ka taka kuloci ba. Kada ka karya sitiyari har ƙarshe ka taka totur da ƙarfi a L4, musamman a masu miƙaƙƙen aksul na gaba, domin a nan ne gaɓar da ke cikin ƙafar gaba ke fashewa. Kuma L4 ba ta gudu ba ce. In ka ga kana neman wuce kilomita 25 zuwa 30, wurin ba ya buƙatar ta, ka tsaya ka koma H4.

In taya ta fara wulwulawa mota ba ta motsi, ka ɗaga ƙafa nan take. Ka sauka ka duba. In tulun aksul ya zauna a kan ƙasa, babu giyar da za ta fitar da kai sai shebur. A tone, a rage lodi, a cusa karan masara ko rassa ko katako ƙarƙashin taya, a gwada komawa baya ta sawun da aka shigo. Sauke buhu biyar ya fi sayen aksul sauƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mahaifinku yana amfani da ita ne shi ya sa take masa biyayya, ƙila kuma tun rasuwarsa ba a taɓa sandar ba. Toyota da kanta ta ba da shawarar a riƙa tafiyar kilomita 16 a kowane wata da hob a kulle don mai ya zagaya kayan gaba. Za ka iya yin hakan a H2 ko a kan kwalta ne, ba ya cutarwa. Sannan sau ɗaya a wata, ko da rani ne, ka sami hanyar ƙasa ka shiga H4 da L4 ka fita sau biyu ko uku.

In ta kai ga saye

Daga nan inda nake ban ji ƙarar da kunnena ba, ban kuma ga man ba, don haka ba zan rantse maka cewa dannawar da kuka yi ba ta taɓa fok ko haƙora ba. Duk bayanin nan kuma na masu sanda da kuloci ne. In mota mai giya otomatik ce, dole babbar giya ta kasance a N kafin a taɓa ƙaramar sanda, masu maɓallin lantarki kuwa nasu binciken daban ne.

In an buɗe an ga ɓarna, a fara tambayar kuɗin fok da zobe da boris da sil kafin a yi maganar akwati sukutum, domin mai giya zalla yana karɓar gyara sosai. In kuma dole sai an saya, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a bayan mota a ajiye su gefe da gefe. A ƙirga haƙoran sandar da ke shiga giyabos, akwai mai 21 akwai mai 23, kuma ba sa shiga wa juna. A duba ɓangaren da furofelar gaba ke fitowa, da wurin zaman sanda, da wurin wayar mitar gudu. A juya shi da hannu a kowane matsayi, H2, H4, N da L4, a gabanka kafin ka biya.

Amma kafin duk wannan, gobe da safe ka fitar da ita fili ba lodi, ka kulle hob biyu, ka gwada shigar da L4 inji a kashe, sannan ka gwada inji yana aiki. Ka yi gwajin furofela guda biyu, ka kwance notin sama ka ga kalar mai. Ka rubuto min abin da ka gani a kowanne, tare da lambar da ke jikin farantin da ke cikin bonet, wadda ke farawa da LN, don in san ko wane akwati ne a jikinta.